Abin da Gwaggo Ta Ciro Daga Idona

Tun ina ƙarama wata uku nake gani a sama. Ɗaya mai haske a tsakiya, biyu dishi-dishi sun jingina da shi kamar ƙannensa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don na ɗauka kowa haka yake ganinsa. Fitilar ƙwai ma, in Inna ta kunna ta, sai in ga wutar ta yi jela ta miƙe gefe guda. Igiyar shanya kuwa kullum biyu ce, ta gaske da inuwarta, sai na kai hannu nake sanin wadda zan rataya zane a kanta.

A lakol, wato makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Gangara, abin bai tona mini asiri ba. A ƙasa muke zama cikin rumfar kara, ni kuma in matsa har gindin allo, abin da ido ya kasa sai kunne ya ɗauka. Da aka tura ni kwaleji a Gazawa, sai na tarar da wani tsari: gajeru gaba, dogaye baya. Ni doguwa ce, siririya kamar karan dawa. Aka ba ni bencin ƙarshe, jikin bango. Daga can kowane harafi a allo yana da ɗan'uwa manne a bayansa. Uku da takwas duk ɗaya ne. Layin da ya miƙe tsaye ina ganinsa, wanda ya kwanta kuwa sai ya baje kamar an shafe shi da hannu. In kwafi abin da na zata, in kai gida in haddace kuskure. Ban iya ɗaga hannu in ce ba na gani ba. Ko sunana aka kira a aji sai gabana ya faɗi. Ƙarshen shekara aka ce in maimaita aji. Doka kuwa kowa ya san ta: wanda ya maimaita ya sake faɗuwa, kora ce.

A hutun damina Kawu, ƙanen Inna, ya zo ƙauye gaisuwa. Yana aikin shara da jera marasa lafiya a wani asibitin ido a ƙetaren iyaka. Ya ɗaga agogonsa daga inda yake zaune, ya ce 'yar kwaleji ta faɗa masa lokaci. Na sa yatsa na ja wutsiyar idona gefe, don na daɗe da gano cewa in na yi haka abubuwa kan ɗan daidaita.

"Ke, mi kike yi ma idonki?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaya," ya ce wa Inna, "ɗiyar nan taki ba daƙiƙiya ba ce. Gani ne ba ta yi."

"Ba ta gani? Wadda ke tsinto allura cikin rairayi?"

"Da hannu take tsintowa, lura da ita ki gani."

Baba bai so ba da farko, amma Kawu ya nace, har muka shiga motar kasuwa muka ƙetare. Likitar mace ce, mai sanyin hannu. Ta leƙa idona da wata 'yar fitila, ta ce gaban ido ya kamata ya zama kamar bayan ƙwarya, lanƙwasarsa ɗaya ta ko'ina. Nawa kuwa kamar ƙwai yake, wani gefen ya fi wani lanƙwasa, shi ya sa haske in ya shiga ba ya haɗuwa wuri ɗaya. Aka gwada mini tabarau iri-iri. Na hagu ya ɗan gyaru, na dama ya ƙi, ƙasa kuma ta karkace har na dafa bango. Sai likitar ta ce akwai wata dabara. Na zauna gidan Kawu har aka kawo su: gilasai biyu 'yan mitsi-mitsi masu tauri, kowanne bai fi farcen jariri ba, da ɗan shuɗi-shuɗi a jikinsu. Ba a kan hanci ake ɗora su ba. A kan ƙwayar ido suke zama, suna iyo a kan hawaye.

Na sha kuka kafin in iya sa su. Likitar ta yi ta nanata mini: wanke hannu, kada ki yi barci da su, ki bar kwalli, kada ruwan rijiya ya taɓa su, na dama ba ya zuwa hagu. In haki ya shiga ƙarƙashinsa kada ki murza. Ki cire, ki wanke, ki mayar.

Ranar da suka zauna daidai, na fito ƙofar asibitin na ga wata darbejiya. Ashe ganyenta ɗaya-ɗaya ne, kowanne da haƙora a gefensa. Na tsaya ina kallo har Kawu ya ja hannuna, ya ce in bari kada a ce ya kawo baƙauya.

Da muka dawo gida na ga gonarmu sarai, karo na farko a rayuwata. Geron bai wuce gwiwa ba, ganyensa ya naɗe kamar tabarma. Ruwa ya ɗauke tun kafin ya fitar da kai. Na ga haƙarƙarin sanmu ɗaya bayan ɗaya. Na ga tsagar da ke leɓen Inna, da furfurar da ban san Baba yana da ita ba. Wani lokaci da yamma nakan yi saurin cire gilasan, don komai ya koma ya yi laushi yadda na saba.

Lokacin girbi ya zo babu abin girba. Baba ya ce zai kwashe Inna da ƙannena su yi kudu, ƙetaren iyaka, inda kakanninsa suka fito. Ni kuma in koma Gazawa, tun da an riga an buɗe lakol.

"Ki tsaya ki yi karatunki," ya ce. "In an kore ki, ba ki da wanda za ki iske a gidan nan."

Ya jawo ƙaya ya toshe ƙofar. Inna ta gyara mini ɗaurin kallabi, alhali ba abin da ya same shi.

A Gazawa wajen Gwaggo nake zaune, ƙanwar kakana na wajen uba. Baba ne ke ce mata Gwaggo, mu ma muka bi, har unguwa duka ta ɗauka. Ɗakinta ɗaya ne, da 'yar rumfa, da murhu a kusurwar danga. 'Ya'yanta duk sun yi nisa. Ita mai magana ce, ni kuwa ba ni da ita, sai muka zauna haka: tana yi, ina saurare. Ta ga 'yar kwalbar ruwan wanke gilasan da nake ɓoyewa cikin akwatina na kwano, ta tambaya. Na ce maganin ido ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ba ta ƙara tambaya ba. Ni ma ban ƙara ba. Yaya zan ce wa tsohuwar da ke auna tsaba da tafin hannu wai ina sa gilashi a cikin ido? Na taɓa sawa a gaban wata maƙwabciyarmu a ƙauye, ta yi salati ta rufe fuska, ta ce aikin masu tsibbu ne.

Saboda haka a ɓoye nake yi. In gari ya waye Gwaggo ta tafi layin rijiya, sai in zauna bakin ƙofa inda haske ke shigowa, in shimfiɗa farin kallabi a cinyata saboda ko ɗaya ya suɓuce. Ɗan akwatinsu murfi biyu gare shi, fari na dama, kore na hagu. In ɗora gilashin a kan yatsa, in buɗe ido da ɗayan hannun, in riƙe numfashi. Sai danga ta tsaya cak, kowane kara da iyakarsa. Ruwan rijiya a shekarar ya koma kalar kunu. Daga rabona na sha nake rage na wanke hannu, in bar shi ya kwanta, in tsiyaye na sama. Ruwan kwalbar kuwa ɗigo-ɗigo nake taɓa shi, kullum ina ɗaga ta sama ina duba inda ya tsaya.

Gwaggo tana da wata baiwa da aka san ta da ita har ƙauyukan da ke kewaye: cire haki daga ido. Ba ta amfani da tsinke ko auduga. Da harshe take yi, yadda ta koya wajen uwarta. Za ta kurkure baki, ta yi bisimilla, ta kwantar da kan mutum a cinyarta, ta buɗe fatar idon da babban yatsa, ta zura ƙarshen harshe ta zagaya. Sai ta tofa a tafin hannu ta gwada wa mai ido abin da ya dame shi, sannan ta jefa a wuta. Ta ce abin da ya fito daga ido in aka yar da shi a ƙasa, idon wani zai nema.

A shekarar nan ba ta huta ba. Yunwa ta sa mutane sun koma cin 'ya'yan anza masu ɗaci da tsabar ƙarangiya, ƙarangiya kuwa in ana sussukarta ƙaiƙayinta tashi yake kamar hayaƙi. Akwai wata Bafillatana da suka sauka bayan dangarmu, bayan shanunsu sun ƙare a hanya. Kusan kullum sai ta kawo ɗaya daga cikin 'ya'yanta, ido ya yi ja. Ita Inna take ce wa Gwaggo.

"Inna, ga shi kuma. Wannan yaro ido nashi kamar ƙofa, komai shiga."

"Kawo shi. Ku da kun saba da nono, mi ya kai ku ƙarangiya?"

"Nagge ta tafi, Inna. Sai abin da Allah ya bari."

Yaron na ihu, Gwaggo na danne shi da gwiwar hannu, kafin ya ja numfashi na biyu an gama. Ina zaune gefe da kayena, littafin rubutuna, ina kallo. Da sabon idona har ɗan ƙaiƙayin nake hangowa a tafinta.

A lakol kuwa ajinmu raguwa yake ta yi. Yau a kira suna a ji shiru, wani ya ce sun tafi. Yarinyar da muke benci ɗaya, 'yar wajen Cadawa, wadda kan ba ni aron gomarta ta goge rubutu ba tare da na roƙa ba, ta je hutun ƙarshen mako ba ta dawo ba. Na rage ni kaɗai a bencin baya, gabana benci biyu babu kowa. Mushe, malamin da ke riƙe da ajinmu, bai sake tsarin zama ba, wataƙila yana sa ran za su dawo. Ni ban damu ba. Daga jikin bango ina ganin har ɗigon da ke kan harafi. Sakamakona ya hau. Ran nan Mushe ya miƙo mini takardata, ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ba ni da wanda zan nuna wa. Na ninke ta na sa ƙarƙashin kayana.

Abin ya faru da bazara, jarrabawar ƙarshen shekara ta matso. Bayan la'asar ne, ina zaune a inuwar danga ina bita. Gwaggo da Bafillatanar da wasu mata biyu na unguwa suna shiƙar ƙarangiya a tsakar gida, tukunyar anza na tafasa a murhu. Sai wata 'yar guguwa ta shigo ta ƙofa, ta ɗebe abin da ke kan faifai ta watso mini.

Wanda bai taɓa sa irin gilashin nan ba, ba zai san zafin haki a ƙarƙashinsa ba. Kamar an soka allura ne aka bar ta. Na san abin yi: in shiga ɗaki, in wanke hannu, in cire. Na miƙe ido rufe, hawaye na zuba, na yi tuntuɓe da taɓarya. Kafin in tashi na ji an kama wuyan hannuna.

"Ina za ki? Zamna nan. Ga mai magani a gida kina gudu?"

"Gwaggo, ku bari, akwai…"

"Yi shiru. Yanzun nan za ki ji sanyi."

Hannunta ƙarfi gare shi kamar na namiji. Na ji kaina a cinyarta, na ji warin hayaƙi da na daddawa a zanenta. Na ji ta kurkure baki. Babban yatsanta ya buɗe idona na dama. Harshenta da ɗumi, da ɗan kaushi. Ya zagaya sau ɗaya, gilashin ya zame gefe. Ya sake zagayowa, sai na ji wayam. Zafin ya tafi. Rabin duniya kuma ya narke.

Ta tofa a tafinta. Na ji ta yi shiru, abin da ba ta saba ba.

"La'ilaha illallahu! Ku zo ku gani!"

Matan suka ajiye faifai suka kewaye mu.

"Wannan ai yana ce!"

"Yanar ido, wallahi. Irinta ce ta rufe ma tsohona ido."

"Shi ya sa ɗiyar nan kullum ido ja, kullum kai a ƙasa. Ashe ciwo ke cinta ba ta faɗi."

"Dubi taurinta! Gwaggo, wannan ko likita sai ya sa wuƙa."

Na tashi zaune. Da idona na hagu ina ganinsa sarai, kwance a tsakiyar tafinta, cikin miyau, yana ƙyalli, ko tsagewa bai yi ba. Ga ɗan ƙaiƙayin nan a gefensa. Miƙa hannu kawai zan yi. Amma kawuna huɗu sun sunkuyo a kansa, kowa na magana, fuskar Gwaggo kuma ta cika da wani farin ciki da ban gani ba tun da aka shiga yunwar nan. Na buɗe baki, abin da ya fito bai fi raɗa ba.

"Gwaggo, ku ba ni."

"Ta ce a ba ta!" in ji ɗaya daga cikin matan, tana dariya. "Ki yi mi da shi, ɗiyata? Ki sa a miya?"

Gwaggo ta miƙe, ta taka zuwa murhu, ta karkaɗe tafinta a kan garwashi. Ko ƙara bai yi ba.

Ta dawo tana goge hannu a zane, ta sake ɗaukar moɗa ta kurkure baki.

"Kawo ɗayan. Irin wannan ba ta kama ido guda ta bar guda."

Ta kama haɓata. Na ga babban yatsanta yana tahowa, na ga tsagar da ke farcensa. A lokacin ba allo na tuna ba. Ƙayar da Baba ya toshe ƙofarmu da ita na tuna.

"A'a!"

Ban san muryar ba. Har akuyar maƙwabta ta daina kuka. Na fizge, na je na ɗauki butar alwalarta na wanke hannu, ruwan na zuba a ƙasa ban damu ba. Na dawo gabansu na durƙusa, na shimfiɗa kallabina, na ja wutsiyar idon hagu na ƙifta. Gilashin ya faɗo a tafina. Bafillatanar ta ja da baya.

"Ba yana ba ce. Likita ce ta ba ni. Da su nake ganin allo. Biyu ne, ɗaya na dama ɗaya na hagu."

Na ɗora shi a yatsa, na mayar da shi a gabansu. Can ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, ɗayar ta bi ta. Bafillatanar ta tattara faifanta, ta ce, "Sai haƙuri," ban san ko da wa take ba a cikinmu.

Gwaggo na tsaye tana kallon murhu.

"Mi ya hana ki faɗa mani?"

"Na ce maku maganin ido ne."

"Magani ɗigawa ake, ko a sha. Wa ya taɓa jin an aje magani a ido kamar murfin tukunya?"

Ranar ba ta ci anzarta ba.

Da safe na fito na tarar ba ta je rijiya ba. Tana durƙushe gaban murhu da rariya, tana tankaɗe toka a hankali. Ta daɗe tana yi. Can ta tsinci wani ɗan abu baƙi da ya dunƙule kamar ƙwayar barkonon da ta ƙone. Ta miƙo mini.

"Ba ya gyaruwa?"

Na girgiza kai. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, inda take ƙulle goro.

Daga ranar idanuna suka shiga faɗa da juna. Na hagu ya ce harafi ɗaya ne, na dama ya ce biyu ne, kafin a fita shan iska kaina ya ɗauki ciwo kamar ana daka a ciki. Na koma rufe na dama da tafin hagu, ina rubutu da dama, kaye na zamewa babu mai riƙe shi. Daga bencin baya ido ɗaya ba ya jurewa, kafin azahar allon ya fara rawa. Na aika wa Kawu saƙo ta wajen wani mai babur da ke ƙetarawa. Amsar da ta dawo ita ce sai an sake auna idon, kuma sai na je da kaina, bayan jarrabawa. Takardun da Mushe ke miƙo mini suka fara komawa irin na bara. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya wuce.

Gwaggo ta hana ni zama kusa da murhu, ta hana a yi shiƙa in ina gida. Ruwan saman randa, wanda ya fi kwanciya, ta ware mini shi a wata 'yar ƙwarya. Ta yanki bakin wani tsohon saƙinta baƙi, ta ɗinka mini ɗan ƙyalle da zare, in ɗaure a idon dama in ja kallabi a kai. Ya taimaka wajen ciwon kan, hannuna kuma ya samu sake. Yaran ajin suka sa mini suna, na yi kamar ban ji ba. Amma nisan allo yana nan.

Wata safiya muna tsakiyar darasin lissafi sai muka ji sallama a ƙofa. Gwaggo ce, da sandarta da mayafinta na zuwa suna. Tun da aka gina kwalejin ba ta taɓa taka harabarsa ba. Na so ƙasa ta tsage.

"Lafiya, Iya?" in ji Mushe, alli a hannunsa.

"Kai ne mushen?"

"Ni ne."

"Yaro ne ma ashe." Ta leƙo ta ƙare wa ajin kallo. "Waɗannan kujerun na gaba da ba kowa, aljannu kuka aje ma su?"

Aji ya fashe da dariya. Mushe ya daka tsawa, ya juyo.

"Tsari ne, Iya. Dogaye baya, don kada su tare ma gajeru."

"Wa za ta tare ma? Waɗanda suka tahi Najeriya?" Ta nuna ni da sanda. "Waccan jikata ce. Ido biyu likita ta ba ta, ni na ƙone guda da hannuna. Da guda take karatun nan naku. Ba ta faɗa maka, ko shekara za ku yi. Ka maido ta gaba."

Mushe ya dubi ƙyallen da ke fuskata, ya dubi tsohuwar. Ina jin bai gane zancen ƙonewar ba, kuma bai tambaya ba. Ya kira sunana, ya nuna bencin farko. Na kwashi kayana. Tafiyar daga bango zuwa gaban aji ta yi mini tsawo kamar daga Gazawa zuwa Gangara. Gwaggo ba ta tafi ba sai da ta ga na zauna.

"To, ka gani," ta ce masa. "Allah ya ba da ladan aiki."

A bencin nan na yi jarrabawa, da ido ɗaya da ɗigon ƙarshe na kwalbar. Ranar da aka tara mu a fili ana kiran waɗanda suka wuce, na tsaya baya ina jin sunaye na wucewa, har na fara tunanin wace mota ke zuwa kudu, da yadda zan nemo su Inna a garin da ban sani ba. Sunana ya fito kusa da ƙarshe. Na wuce da ƙyar. 'Yan uwan wasu suna guɗa. Na bi gefen hanya na koma gida.

Gwaggo na rumfa, kan wani dattijo a cinyarta, har ta kurkure baki. Sai na ji ta tambaye shi, "Tsaya tukuna. Ba abin likita a ciki?" Tun daga ranar nan haka take tambayar kowa, har jarirai. Na jira ta gama, ta jefa hakin a wuta, sannan na ce mata ba a kore ni ba.

"To," ta ce. "Alhamdu lillahi." Ta juya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Na aika wa su Baba. Saƙo ya dawo cewa sun ji, sun yi murna, amma bana ba za su dawo shuka ba, in ci gaba da zama inda nake.

Da magariba, kwanaki kaɗan bayan haka, aka ce wata ya tsaya. Gwaggo ta fito tana ƙifta ido wajen yamma, ta ce ita kam ba ta ga komai ba, in duba mata. Na rufe idon dama: ga shi can saman dangar Fulani, siriri, shi kaɗai. Na rufe na hagu, sai ga ƙannensa biyu sun dawo sun jingina da shi.

"Kin gan shi?"

"Na gani."

"Da wane?"

"Da na likita."

Ta yi addu'ar ganin wata ta shige ɗaki. Na wanke hannu tun da sauran haske, na cire na hagun, na sa shi ƙarƙashin koren murfi. Sannan na buɗe farin, kamar yadda hannuna ya saba, na duba, na rufe.